Bishiyar kuɗi a gidan gilashi: me ya sa take ruɓewa kafin kasuwar Disamba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani gidan gilashi na rainon shuke-shuke a yankin Westland na ƙasar Holan. Bara maigidana ya damƙa mini sashen bishiyar kuɗi, wadda ake kitse karanta, domin kasuwar Kirsimeti da sabuwar shekara. Mun dasa a tsakiyar Oktoba. Da lokacin lodi ya zo, wasu sun ruɓe daga gindi, wasu ganyen bai cika ba, waɗanda muka tura kuma aka yi ƙorafin sun kakkaɓe ganye a kanti. Ruwa da taki ban taɓa gaza musu ba. Bana ma ni aka ba, kuma ba na son a maimaita. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da aiki, sannu da haƙurin sanyi. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma duka biyun a wuri ɗaya na tsaya, inda ka ce ruwa da taki ba ka taɓa gaza musu ba. Kai ka faɗi haka ne don ka wanke kanka, ni kuwa nan na kama ɓarawon. Abokin satarsa shi ne ranar dashe. Tsakiyar Oktoba a Holan, ga mai son yin lodi a ƙarshen Nuwamba, fafe gora ne ranar tafiya. Ganyen da bai cika ba da wanda ya zube a kanti duk 'ya'yan waɗannan biyun ne. Na san ranar isowar kaya ba kai kake yanke ta ba, shi ya sa wani ɓangare na wannan amsa naka ne, wani kuma sai ka kai wa maigidanka.

Mu fara da sanin wace ce ita, domin sunan yana ruɗa mutane. A Indiya da wurare da dama akwai wata mai yaɗo da ake laƙaba wa kuɗi, akwai kuma wata mai kaurin ganye 'yar asalin kudancin Afirka da ita ma ake kira haka. Taka daban ce. Masana suna kiranta Pachira aquatica, asalinta fadamu da bakin koguna daga kudancin Meziko zuwa arewacin Burazil. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da wannan suna ma 'yar'uwarta ce, Pachira glabra, amma ga mai raino kulawarsu ɗaya. Ka dubi ganyenta da kyau, yatsu biyar zuwa bakwai a kan sanda guda kamar an buɗe tafin hannu, za ka ga ka san wannan fuskar. Danginsu ɗaya da kuka da rimi da bishiyar gurjiya. Kuma kamar kuka, tana da randarta a jikinta: wannan kumburin da ke gindin kara ma'ajiyar ruwa ce da abinci.

Kalmar aquatica, wato mai zama a ruwa, ta kashe bishiyoyi fiye da kowace cuta. Gaskiya ne babbar bishiya a bakin kogi tana jure ambaliya, amma ita tana da saiwoyi sun bazu, ga ganye cike da kai yana zuƙar ruwa, ga rana da zafi. Abin da ya zo maka a kwali ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ka san hanyar da ta biyo kafin ta zo hannunka. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1986 wani direban babbar mota a Taiwan ya haɗa ƙananan bishiyoyi biyar a tukunya ɗaya ya kitse su, abin ya karɓu, ya shiga Japan, daga nan ya watsu. Sinawa suna ce mata fa cai shu, bishiyar yin arziki. Yankin Changhua a tsakiyar Taiwan ya yi suna wajen nomanta, yanzu kuma lardunan Guangdong da Hainan a kudancin Sin suna fitar da ita da yawa. Daga iri ake shuka ta, domin tsiron iri ne yake yin wannan kumburin gindi mai kyau, na reshe ba ya kamo shi. Irin kuma ba ya ajiyuwa, ana fasa kwanson ake shukawa. Idan tsirrai suka tasa sai a tuge su, a tsige ganyen, a bar su a inuwa su yi yaushi. Kaba sai an jiƙa ta take saƙuwa, wannan kuwa sai ta sha ƙishirwa take yarda a lanƙwasa ta ba ta karye ba. A kitse, a mayar gona su yi kauri. Daga baya a sake tugewa, a datse kai, a datse saiwa, a wanke ƙasar tas domin Tarayyar Turai ba ta yarda a shigo da ƙasar gona ba, a bar raunukan su sha iska, sau da yawa a shafa kaki a bakin yankan sama, a jera a kwali. Sai kwantena mai daidaita zafi, sai teku, mako huɗu zuwa biyar kafin tashar jiragen ruwa ta Rotadam a Holan. A ƙarshen 2023, da jiragen ruwa da dama suka daina bi ta Bahar Maliya suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar ta ƙaru da kwana goma ko fiye.

To ka ga abin da ka karɓa. Sanda ce wadda ta yi sama da wata a cikin duhu, ba ganye, ba saiwa, da rauni sama da ƙasa, tana rayuwa da guzurin da ke gindinta. Sanda ba ta shan ruwa. Ba ta da bakin sha, ba ta da ganyen da zai fitar da shi. Duk ruwan da ka zuba zama zai yi a tukunya yana jiƙa rauni, kuma a irin wannan wuri ne ƙwayoyin cuta masu son laima, su Pythium da Phytophthora, suke cin kasuwarsu. Fusarium ma yana shiga ta rauni.

Aikinka yana farawa ranar da aka buɗe kwali, kuma a ranar nake so ka ɓata lokaci. Kafin ka duba da ido, sa hanci. Kwali mai lafiya ƙanshin ɗanyen icce yake yi. In ka ji tsami-tsami irin na rogo da ya kwana a ruwa, akwai gawa a ciki. Ɗauki kitso ɗaya-ɗaya, ka danna gindin kowane kara da babban yatsa. Mai lafiya tauri gare shi kamar ɗanyen dankali. Wanda ya fara lalacewa yatsa zai ɗan nutse, fatar ta zame, wani lokaci ruwa mai launin shayi ya fito. Wani kuma ba ya laushi, sai dai ya yi sakayau, ya yamutse, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar busasshen karan dawa. Duka biyun ka ware, ka ɗauki hoto tare da lambar kwalin a ranar, domin bayan mako biyu babu mai sayarwa da zai yarda cewa a haka suka zo. Kada tausayi ya sa ka dasa mai ciwo cikin masu lafiya da fatan zai farfaɗo. A ƙasa mai shan ruwa tare, wake ɗaya ne zai ɓata maka gari.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. A can ƙasan kitson, inda za a binne, yawanci akwai roba ko tef da aka ɗaure don kada kitson ya warware. Idan karan suka fara kauri sai ta shaƙe su, ruwa kuma ya taru a ƙarƙashinta. Na sha tuge ruɓaɓɓiyar bishiya in tarar ruɓar ta fara daidai kan layin robar, kamar an zana da biro. In kitson ya riga ya kama jikinsa, yanke ta. In bai kama ba, sassauta ta, kuma ka tabbata tana saman ƙasa inda ido zai gan ta. Wuƙar da kake aiki da ita kuma tsoma ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin kwali da kwali.

Ƙasar dashe ba sai na tsawaita ba, ku can kuna da masu haɗa muku. Ka dai nemi mai manyan ƙwayoyi, zaren ɓawon kwakwa ko fit mai gautsi (ruɓaɓɓen tsiron fadama da ake dashe da shi), da farar tsakuwar nan mara nauyi kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku, pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, tsakanin 5.5 da 6.5. Gwajina mai sauƙi ne: jiƙa ta, damƙa a hannu, buɗe. In ta tsaya curi kamar tuwo, ba taka ba ce. In ta wargaje kamar dambu, ita ce. Tukunya kuma gara ta matse da ta yi yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba rijiya ce kawai. Kada ka binne kumburin gindin. Santimita biyu zuwa uku sun isa ta tsaya, in tana rawa a tokare ta. Masu dashe suna son dannawa can ciki don aiki ya yi sauri kuma kada ta faɗi a kan bel ɗin da ke jan tukwane, ka sa musu ido.

Yanzu ruwa. Ka dasa a ƙasa mai danshi, ba jiƙaƙƙiya ba, ka ba da ruwa kaɗan sau ɗaya don ta zauna, sannan ka ɗaure hannunka. Abin da wuya, na sani. Mutum yana wucewa ya ga saman ƙasa ya yi fari, zuciya ta ce masa zalunci yake yi. Saman ƙasa maƙaryaci ne. Ɗaga tukunyar. A ranar dashe ka ɗora guda goma a kan sikeli ka rubuta nauyinsu, ka sa musu alama, ka riƙa aunawa duk bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya hannunka zai koyi nauyin, ba ka buƙatar sikelin kuma. A makonnin farko, lokacin da babu ganye, za ka ga nauyin da ƙyar yake sauka, kuma abin da ya ragu ma iska ce ta ɗauka, ba shukar ba. Yana iya kai kwana goma ko mako biyu ba ka ƙara ko ɗigo ba. Abin da sandar take so a wannan lokaci shi ne danshi a iska, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, don kada idanun toho su bushe. Jiƙa hanya, jiƙa iska, ka bar tukunya.

Toho zai yaudare ka. Idanun da ke kusa da bakin yanka sukan fashe kafin saiwa ta fito, domin da guzurin gindi suke fitowa. Ka ga kore ka ce ta kama, ka buɗe famfo, alhali a ƙasa babu komai. Kada ka yarda da sama sai ka ga ƙasa. Duk mako ka juye tukunya biyar daga wurare daban-daban, har da na bakin bango da na kusa da ƙofa. Ranar da ka ga fararen saiwoyi sun kai jikin tukunya, ranar ce aka ba ka izinin shayarwa sosai. Ko a lokacin ma ƙa'idar ita ce a sha a ƙoshi, a bari ta kusa bushewa, a sake. Da safe, ba da yamma ba.

Ni ma da tsada na koya. Wata shekara, a wani gida da na yi aiki, muna da su a daɓen siminti irin wanda ake cika shi da ruwa ya janye. Sashe ɗaya muka raba da wasu shuke-shuke masu son ruwa, famfonsu ɗaya a kwamfuta. Na tafi hutun ƙarshen mako ban cire layina daga jadawalin ba. Ruwa ya hau sau biyu, Asabar da Lahadi, a kan sandunan da ba su wuce kwana goma sha biyu da dashe ba. Ranar Litinin ba abin da ya nuna, tohon ma sai sheƙi yake. Sai a mako na uku ganyen ya fara lanƙwasa da rana kamar mai jin ƙishi. Wani abokin aikina ya ce a ƙara ruwa. Na durƙusa na kama kara ɗaya na ɗan ja, sai ya zare daga cikin kitson kamar an zare tsinke daga tsire, ƙasansa baƙi, yana wari. Ka riƙe wannan: yaushin ganye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ƙishirwa ba ce, saiwa ce ta mutu. Tun daga ranar ba na haɗa bishiyar kuɗi da kowa a famfo ɗaya.

Ruwan ma akwai zafinsa. Na tafkin ruwan sama da kuke tarawa a waje, a Nuwamba ƙanƙara ce ba ta daskare ba. Ka zuba shi a kan saiwar 'yar ƙasar zafi, ka tsayar da ita cak na kwanaki. A bar shi ya kwana a tanki cikin gida, ya kai kusan digiri 20.

Wannan ya kawo mu ga ɗumi, wanda shi ne ainihin abin da yake tura ta, ba taki ba. Ma'aunin zafin da ke rataye a sama ba shi nake tambaya ba. Soka ma'auni a cikin tukunya. Ina son in ga digiri 22 zuwa 25 a wurin saiwa har sai ta kama, iska kuma da dare kada ta sauka ƙasa da 18. A ƙasa da 15 shukar tsayawa take, ƙasa da 10 kuwa rauni ne, ganye ya yi tabo ya zube. Kowa ya san yadda kuɗin gas ya yi tsada a 2022 da yadda masu gidajen gilashi suka koyi rage wuta, ban ga laifinsu ba. Amma in za a yi tsimi, a yi shi a sama: a ja labulen riƙe zafi da wuri, a bar bututun zafi na ƙasa yana aiki. Sanyi da jiƙa in suka haɗu a tukunya ɗaya, ba maganin feshin da zai cece ka. Sai dai ka kula, gidan da aka rufe ruf yakan tara raɓa, ta ɗiga daga rufi ta sauka daidai kan bakin yanka. In ka ga kan kara yana baƙi yana gangarowa ƙasa, ɗaga kai ka dubi abin da ke samansa. Fanka mai juya iska a hankali tana maganin wannan.

Sai lissafin kwanaki, wanda shi ne na maigidanka. Ku can da lambar mako kuke magana, to mu yi da ita. Kayan Kirsimeti ba ranar 25 ga Disamba ake nemansu ba. Dillalai da manyan kantuna suna son su a mako na 47 zuwa 49, ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Kun dasa a wajen mako na 42. Mako shida ke nan kuka ba sanda ta yi saiwa, ta yi toho, ta buɗe ganye, ganyen ya ƙosa. A watan Mayu da mai yiwuwa ku tsira da ƙyar. A kaka ba zai yiwu ba, domin kowace rana haske raguwa yake. A ƙarshen Satumba yininku awa 12 ne, zuwa 21 ga Disamba bai kai awa 8 ba, kuma hasken da ke sauka a Disamba bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na watan Yuni ba. Ni a irin wannan lokaci mako goma zuwa goma sha biyu nake warewa, manyan kitso masu kauri ma fiye, domin sun fi nawar farkawa. Ƙirga baya daga mako na 48, ka sauka a mako na 36 zuwa 38, wato Satumba. Ƙara tafiyar teku da abin da ka iya faruwa a tashar jirgi, ka ga ashe a Yuli ya kamata kaya su bar can, odar kuwa tun kafin nan. Ribar dashen Satumba biyu ce: rana tana ɗumama maka gida kyauta lokacin da saiwa take buƙata, ganye kuma yana buɗewa da sauran haske. Wanda ya gama da wuri yana iya rage zafi kaɗan ya riƙe kayansa mako biyu ba abin da zai same su. Wanda ya makara ba shi da abin da zai saya ya cike gurbin.

A Satumba, in rana ta buɗe, sabon ganye yana ƙonewa, sai a ja labulen inuwa da tsakar rana. Daga tsakiyar Oktoba kuwa kowane ɗigon haske dukiya ne. A wanke farin fentin da aka shafa wa gilashi don bazara, in akwai fitilu a kunna su su ƙara tsawon yini.

Taki yana da nasa lokacin, kuma ba ya zuwa kafin saiwa. Gishiri ne, a kan rauni ƙuna yake. Bayan saiwa ta kai bangon tukunya sai ka fara da mai rauni, EC, wato ma'aunin ƙarfin taki a ruwa, wajen 1.0, ka ɗaga a hankali zuwa 1.5 in ganye yana buɗewa. Abin da nake zargin ya faru bara shi ne da kuka ga lokaci yana ƙurewa sai kuka ƙara zafi, kuka ƙara taki mai yawan naitirojin. A cikin duhun Nuwamba abin da wannan yake haifarwa shi ne dogon wuya: sandar ganye ta miƙe, ganyen ya yi faɗi, ya yi laushi kamar na alayyafo, launinsa kore mai haske. A kan benci yana da kyau. A cikin leda da mota da kanti ba ya kwana uku. Daga tsakiyar raino ka karkata ga taki mai rinjayen fotash, kuma ka ba su fili. Da zarar ganyen maƙwabta ya fara taɓa juna, a tazarta su, in ba haka ba kowace za ta miƙe neman haske, ƙasanta ya zama fayau. Za ka kuma ga a kitso ɗaya wani kara ya riga 'yan'uwansa, ya yi musu rumfa. Tsinke kan wannan mai zarin tun yana ƙarami, sauran su samu su taso. Mai saye kai mai cika yake nema, zagaye kamar lema, ba reshe ɗaya da ya yi sama ba.

Ƙwari ba su cika zama babbar matsala ba in ana dubawa. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga a cikin lungunan kitso yake ɓuya, inda feshi ba ya kai, don haka tun ranar buɗe kwali ake nemansa. Ƙananan jajayen gizo-gizo suna son wurin bututun zafi inda iska ta bushe, juya ganye ka duba bayansa. Maganinsu na halitta, wani ɗan ƙwaro mai cinye su da ake kira Phytoseiulus persimilis, ku ne ma kuka fi kowa samunsa a kusa. Baƙaƙen ƙananan ƙudaje kuwa in suka cika maka katin gam mai ruwan ɗorawa, kafin ka nemi magani ka karɓi saƙon da suka kawo, cewa ƙasarka ta cika jiƙa. In ka ga ɗigo mai danƙo kamar zuma a bayan ganye ko a sandarsa, kada ka firgita. Shukar da kanta take fitar da shi. Ka dai duba, in ba ƙwaro a wurin, ka wuce.

Akwai abin da ya shafi kasuwa wanda zai sa ka gane dalilin da na matsa a kan kara ɗaya-ɗaya. Kitson biyar ba don ado kaɗai ba ne, a al'adar Sinawa ana danganta biyar ɗin da ginshiƙai biyar na halitta. Huɗu kuwa lamba ce da suke gudu, domin furucinta ya yi kusa da na kalmar mutuwa. Saboda haka kitson biyar da kara ɗaya ya mutu aka zare, wanda Bature zai iya saya bai ƙirga ba, mai kanti Basine ba zai karɓa ba, ballantana a ba wani kyauta da shi. Mu dai mun san inda arziki yake fitowa, ba a tukunyar roba yake ba, amma mai sayarwa dole ya san abin da mai saye yake ƙirgawa. Haka ma ado: na Kirsimeti ka sa abin da dillali ya ce, na sabuwar shekarar Sinawa kuwa ja da ruwan zinariya, ka nisanci farin ƙyalle, domin fari a wurinsu na makoki ne. Kada kuma a ɗaure adon da waya a matse a jikin kara.

Wannan sabuwar shekarar ita ce ƙofarka ta biyu. Tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu: a 2025 ranar 29 ga Janairu, a 2026 ranar 17 ga Fabrairu, a 2027 ranar 6 ga Fabrairu. Duk wadda ba ta shirya ba a mako na 48, kada a tilasta mata. A ware ta, a ci gaba da rainonta a hankali, ta fita a Janairu da cikakken kai. Da bara an yi haka, da ƙorafin kanti bai zo ba.

Ƙorafin nan kuwa, na zubar ganye, sauran tushensa mako biyun ƙarshe ne da kuma hanya. Shukar da ta tashi a digiri 24 da danshi mai yawa, aka ɗauke ta kai tsaye zuwa kanti mai busasshiyar iskar hita da ƙofa tana buɗewa ga sanyin Disamba, dole ta yi zanga-zanga. Sai an yaye ta. Kwana goma zuwa goma sha huɗu kafin lodi ka sauko da zafi a hankali zuwa 18 ko 19, ka rage danshin iska, ka rage taki, ka ɗan ƙara tazarar shayarwa. Taɓa ganyen da yatsu biyu: wanda ya ƙosa ya yi duhu, yana da ɗan kauri kamar takarda mai kyau, wanda bai ƙosa ba santsi ne da laushi, yana manne wa yatsa. Mai irin wannan ganye da yawa ba ta tafiya. Shayar da su kwana ɗaya ko biyu kafin lodi, ganye ya bushe sarai kafin a sa leda, domin jiƙaƙƙen ganye a cikin leda tabo ne. Motar ta kasance a kan digiri 15 zuwa 18. Nan ne ake yawan cin amana ba da niyya ba: furannin yanka a sanyi ake ɗaukarsu, in direba ya haɗa kekunan da ka jera tukwanenka a kai da nasu a ɗaki ɗaya ya saita sanyin don su, an gama da kai, kuma alamar ba za ta fito ba sai bayan kwanaki, a hannun mai kanti. Kada a haɗa su da 'ya'yan itatuwa, iskar da nunannun 'ya'ya suke fitarwa tana zubar da ganye. Minti ashirin a bakin ƙofar lodi cikin iskar Disamba ma ya isa. Ni nakan saƙa ɗan ƙaramin ma'aunin nan mai rubuta zafi a cikin keke ɗaya na kowane lodi. In ƙorafi ya zo, shi yake raba gardama.

Ka sa 'yar takarda a kowace tukunya da ke gaya wa mai saye ya ajiye ta a wuri mai haske, nesa da hita da bakin ƙofa, kuma kada ya shayar sai saman ƙasa ya bushe zurfin gaɓar yatsa biyu. In tukunyar ado ba ta da huda, a rubuta cewa a zubar da ruwan da ya taru a ƙasa.

Abin da nake so ka yi cikin makon nan shi ne ka samu maigidanka da kalanda a hannu, ku tsayar da makon lodi, ku ƙirga baya tare, ka tambaye shi yaushe kwantenar bana za ta taso. In ya ce sai Oktoba za ta iso kamar bara, ka gaya masa tun yanzu cewa kayan Janairu ne, don kada ya yi wa dillali alkawarin Disamba. Ka nemi a ba ka famfonka kai kaɗai da ma'aunin soka wa tukunya. In kaya sun iso, ɗauko mini hoton gindin guda biyar kafin dashe, da na saiwarsu a mako na uku, mu duba tare. Ka gaida abokan aiki.